Kusurwar Gonar da Mama Tabita Ta Roƙa Mana

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Mama Tabita, shugabar zumuntar mata a 'yar ikkilisiyarmu da ke wani ƙauye a ƙasar Sandamu. Ba ita ta haife ni ba, ba mu kuma haɗa dangi ba. Ƙuli-ƙuli take yi tana kaiwa kasuwar Daura, ita ce kuma ungozomar ƙauyen. Kwanakin nan ta yi ta faɗo mini a rai, don abin da ta gyara mana yana neman rushewa.

Maigidana Yakubu malamin firamare ne. Da bazara ya rasu, a farkon shekarun Shari'a. Gaskiya ba wanda ya taɓa mu a ƙauyen, sai dai gaisuwa ta gajarta, kowa yana kaffa-kaffa da kowa. Filin da muke binne mamatanmu kuwa ana rigima a kansa, an hana taɓa shi sai an yanke hukunci. Fasto ya je wurin mai gari, aka ce a yi haƙuri a jira. Gawa kuwa ba ta jira a zafin bazara. Ina zaune a ɗaki, yara sun kewaye ni, na kasa ko kuka.

Sai ga Mama Tabita ta shigo.

"Ladi, kin yi addu'a?"

"Na yi, Mama."

"To, yafa mayafinki mu tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ba a saba mace ta fita gawar mijinta na kwance ba, amma na bi ta. Gidan Malam Habu ta kai ni, wani dattijo Musulmi mai gona a bayan cocinmu. Muka durƙusa a zaurensa, ta ce, "Malam, gawa gare mu, ba mu da ƙasa." Babban ɗansa Sani ya ce, "Baba, me mutane za su ce?" Dattijon ya ce, "Ƙasa ta Allah ce. Malam Yakubu kuma shi ya koya muku karatu." Ya ba mu kusurwar gonar, gindin wani gawo, kafin la'asar aka rufe maigidana. Na sani Malam Habu bai sha da daɗi ba, don akwai waɗanda suka ɗauke ƙafa daga zaurensa har damina ta wuce.

A hanyar dawowa Mama ta ce mini Ubangiji yana jin kuka, amma da hannun mutane yake aiko taimako, kuma ba ya tambayarmu hannun wa muke so. Ita ma da lokacinta ya yi, a kusurwar nan aka sa ta.

Yanzu Malam Habu ya rasu, gonar ta shiga gado, magada suna yanka ta fuloti-fuloti. Ban ga laifinsu ba. Rayuwa ta yi tsada, suna da iyali, kyautar kuma da baki aka yi ta. Amma ranar Lahadin da ta wuce na ga an sauke bulo kusa da gawon.

Wa zan tunkara? Cocin da yake cika a da, yanzu tsofaffi ne da jikoki. Matasanmu sun watse Kano da Abuja. Na sanar da 'yan zumunta ta waya, amsoshi suka yi ta shigowa: muna addu'a, Allah ya kawo mafita. Na gode musu, amma zumunta a ƙafa take, kuma ba wadda ta tako. Ina tambayar kaina, da Mama Tabita za ta leƙo yau, me za ta ce? Ba na zaton za ta zagi kowa. Ina jin abin da zai fi ƙona mata rai shi ne yadda tsoro ya koya mana zama a ɗaki. Mun daina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, su ma sun daina jiran mu ƙwanƙwasa. Yaranmu da nasu sun tashi ba su san gidajen juna ba.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, kabarin nata ma ga shi yana rawa. Abin da ya rage nata shi ne halin nan: a durƙusa gaban Yesu, sannan a tashi a je wa mutane ba tare da jin kunya ba. Ban san ko na gaje shi ba, don har yanzu gabana yana faɗuwa.

Ranar Asabar zan je wurin Sani. Mata biyu sun ce za su raka ni. Ɗaya 'yar zumunta ce da ke dogara sanda. Ɗayar kuwa Hajara ce, matar ƙanen Sani, wadda ta aiko mini cewa duk 'ya'yanta a hannun Mama Tabita suka faɗo. Ban san amsar da zai ba mu ba.