Madubin Bakin Rijiya

Gajere ake ce masa tun yana saurayi, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, domin da gajartar tasa ya ci abinci. Rijiya ba ta son dogon mutum. Inda wani zai durƙusa gwiwarsa na dukan bango, shi sai ya zauna daram, ya riƙa juyawa da digarsa kamar yana tsakar ɗakinsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana haƙa, kuma a unguwannin bayan gari, inda famfo bai kai ba, da wuya a bi layi guda ba a sami gidan da ke shan ruwan hannunsa ba.

Aikin na mutum uku ne: mai haƙa a ƙasa, mai jan guga yana fitar da abin da aka haƙe, sai mai riƙon madubi. Na ukun nan ne mutane ba su cika sani ba. Idan rami ya wuce gaba biyar duhu yake yi, fitilar wuta kuwa ba a shiga da ita, saboda tana cinye iskar da mutum zai shaƙa. Sai a tsayar da wani a bakin ramin da madubi, ya tari hasken rana ya karya shi zuwa ƙasa. A wannan hasken ne mai haƙa ke rarrabe jar ƙasa da yumɓu, ya ga tsagar da ta fara a jikin bango tun ba ta zama abin kuka ba.

Mai jan gugan Gajere ƙanin matarsa ne, wani mai baki da ake kira Dogo. Mai riƙon madubin kuwa ita matar ce da kanta. A shekarar aurensu ta biyu wanda ke riƙe masa ya bar gari, ita kuma ta ciro madubin ɗakinta, mai faɗin faranti da katako a gefensa, ta naɗe shi a tsohon zane ta bi shi wurin aiki. An ce na kwana biyu ne. Haka ta yi ta binsa, wani lokaci da goyo a baya, har 'ya'yan suka girma suka yi nasu.

Gajere bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Idan masu gida suka tambaye shi su nawa ne, sai ya ce, “Mu biyu ne, sai uwar yara da ke riƙe mana madubi.” Ba da raini yake faɗa ba, iyakar abin da ya gani ke nan. Wanda ke ƙasan rijiya, idan ya ɗaga kai, rana yake gani zaune a bakin ramin kamar an ɗauko ta an ajiye, ba ya ganin wanda ke bayanta. Shi dai ya san duk inda digarsa ta nufa haske na can yana jiransa, kamar yadda mutum ya san in ya buɗe baki iska za ta shiga.

Abin da yake alfahari da shi shi ne shelar ruwa. Ranar da aka kai ga idon ruwa, sai ya dakata, ya gyara murya, ya ce, “A gaya wa masu gida, ruwa ya zo.” Daga nan sai Dogo ya maimaita da ƙarfi, mata su fito. Bai yarda wani ya riga shi faɗin wannan kalma ba.

Idon matar ne ya fara gazawa. Wata farar yana ce ta rufe shi a hankali, likita ya ce shekaru ne da rana, ta koma gida ta zauna. Wata uku bayan haka, a wata rijiya mai gaba goma sha ɗaya, numfashin Gajere ya sarƙe, aka ɗauro masa igiya a ƙirji aka jawo shi kamar guga. Babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda ya daɗe yana haƙa da nasa mutanen, ya zo ya karɓi digar.

“Baba, ka gama shiga rami,” in ji shi. “Ka zauna gida ka huta, kai da Inna.”

“In zauna in yi me? In ƙirga kaji?”

“Ai akwai fitilar goshi yanzu, mai batir. Ba sai an wahalar da kowa ba.”

“Fitilar da ke mayar da kowace ƙasa fara? Da ita za ka gane yumɓu?” Gajere ya miƙa hannu ya ɗauko madubin daga kan ƙusa. “Ni zan riƙe maka. Abin da uwarka ta yi da goyo a baya ba zai gagare ni ba.”

Ɗan ya dubi madubin da ke hannun ubansa. Mutum ne mai kunyar ubansa, amma ransa ne zai shiga ramin. Ya ce, “To, mu gwada a wannan rijiyar. In abin bai yi ba, Baba, kada ka ga laifina.”

Gajere ya fahimci abin da aka gaya masa. Rijiya ɗaya ce tsakaninsa da tabarmar ƙofar gida.

Rijiyar a bayan wani sabon gida take, tsakanin tarin bulo da bishiyar da ba ta kai ta ba da inuwa ba. An riga an kai gaba bakwai. Da hantsi ɗan ya sauka, Gajere ya kwance zanen, ya tsaya yadda kowane mai hankali ke tsayawa, wato ya ba rana baya. Ya miƙa madubin saman ramin, fuskar madubin na kallonsa. Babu abin da ya gani a ciki sai gemunsa da inuwar kansa.

“Yaya, aski ka zo yi?” in ji Dogo. “In kawo maka reza?”

“Ja guganka, sarkin surutu.”

Ya matsa gefe, ya karkata madubin har ya kama rana. Hasken ya faɗa kan bulo. Ya juya shi, hasken ya tsallake ramin gaba ɗaya ya hau bangon gidan. Ya dawo da shi, ya sake tsallakewa. Duk yadda ya auna, hasken ninkin abin da ya nufa yake tafiya. Da ƙyar ya jefa shi cikin ramin, sai ga muryar ɗansa daga ƙasa.

“Baba, idona ne wannan.”

Ya kawar, duhu ya rufe ramin. Ya dawo da shi, hasken ya yi ta rawa a jikin bango yana hawa yana sauka, saboda rawar da hannu ke yi wadda ba a ko gani a sama, a gaba bakwai kamu guda take zama. Kafin azahar kafaɗunsa sun yi tsami. Da la'asar ya ji wani ɗan ƙara daga ƙasa, ya leƙa, ya ga farin hasken fitila a goshin ɗansa. 

Kwana biyu aka yi haka. A rana ta uku, bayan an idar da sallar asuba gari ya waye sosai, Gajere bai fita ba. Matarsa na zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake da laluben yatsa. Ya yi ta kai da kawowa, ya gyara igiyar shanya da ba ta lalace ba, ya kori kaza.

“Malam, ka faɗi abin da ke bakinka,” in ji ta. “Ka tayar mini da ƙura.”

“Madubin nan naki ya lalace.”

“Ko?”

“Ba ya tsayawa inda aka sa shi.”

“Dogo ya gaya mini. Ya ce ka haska gidan mutane har bene.” Ta ajiye farantin. “Mirgino gangar ruwan can, wadda babu komai a ciki. Kawo ta tsakar gida.”

Ya mirgino. Ta tashi ta dafa bakin gangar, ta ɗaga fuska tana juyawa a hankali har ta tsaya.

“Nan rana take. Ba sai na gan ta ba, goshina ya san ta. Zo ka tsaya nan, ganga na tsakaninka da ita.”

“In fuskance ta?”

“Da wa za ka fuskanta? In ka ba ta baya, kai ne ka tsaya tsakaninta da madubin. Da safe yamma da rami kake tsayawa, da la'asar ka koma gabas. Bayan madubin na wajenka, fuskarsa na wajenta. Idonka kuma ƙasa.”

Ya tsaya yadda ta ce. Nan take ya ji zafin a goshi da fatar ido, hawaye ya taru masa tun bai yi komai ba. Ta kama gwiwar hannunsa ta manna masa a haƙarƙari.

“Hannu ba ya riƙe madubi, jiki ke riƙewa. Ka jingina gindinsa a kan itacen da ake jan guga in ka samu. Yanzu saurara. Madubi ba ya kallon rana, ba ya kallon rami. Tsakaninsu yake kallo, kamar mai raba gardama. Yadda hasken ya sauko masa ta wannan gefe, haka zai tashi ta wancan, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa in ka karkata shi faɗin yatsa ɗaya, shi hasken biyu zai tafi. In kana son ya je can, rabin hanya za ka raka shi.”

Ya raka shi rabin hanya. Hasken ya gangara jikin gangar ya zauna a gindinta, ya yi tsit.

“Ya shiga?”

“Ya shiga.”

“To kada ka ɗora wa yaron a ka. Ka ajiye masa ta kan kafaɗa, inda diga za ta sauka, kafin ta sauka. Ka saurari sarar, za ka san inda zai juya. Rana kuma ba jiranka take ba, tana hawa kana binta kaɗan kaɗan, kamar mai tatsar saniyar da ke tafiya.”

Gajere ya daɗe a tsaye, hasken na kwance a gindin gangar, rana na dukan fuskarsa. Ya lissafa safiya da la'asar na shekara talatin da biyu, ya kasa kai ƙarshen lissafin. Ya dubi idanunta masu farin nan. Abin da ya zo bakinsa bai fito ba, sai ya ce, “Wa ya koya miki?”

“Zaginka daga ƙasa,” in ji ta, ta koma kan wakenta. “Ka nemi malfa. Ido biyu sun isa abin da sana'ar nan za ta ci a gidan nan.”

Ya isa wurin aiki a makare, da malfa a kai. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya ga inda ya tsaya, sai ya ce, “Lallai an je makaranta. Malamar ta yi duka?”

“Ja guganka.”

Ba a rana ɗaya ya iya ba. Sau da yawa hasken ya kuɓuce masa, sau biyu ya sake dukan idon ɗansa. Amma a kwana na huɗu ɗan ya kira daga ƙasa ya ce a ɗan ɗaga hasken sama ta hannun dama. Gajere ya ɗaga rabin abin da zuciyarsa ta ce. Aka ga tsaga siririya a inda yashi ya haɗu da yumɓu, wadda fitila ta wuce ta kanta kwana biyu ba ta nuna ba. Suka tsayar da haƙa suka ɗaure wurin da siminti. Ɗan bai ajiye fitilar ba. Da tsakar rana, lokacin da rana ke bisa kai madubi ba ya kama ta da kyau, yakan kunna ta, in ta karkata ya kashe.

A gaba goma sha biyu, wata la'asar, Gajere na tsaye gabas da ramin, gwiwar hannu a haƙarƙari, sai sarar digar ta canja, ta yi taushi. Can sai ya ga wani abu na motsi a ƙarƙashin malfarsa. Haske ne, yana rawa a jikin bangon ramin, yana hawowa har kan hannunsa da haɓarsa. Ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane. Ruwa ya taru a sawun diga, ya zama madubi shi ma, ya maido masa da abin da ya aika.

Kalmar ta zo masa har leɓe. Ya riƙe ta. Ya ji ɗansa a ƙasa ya dakata, ya gyara murya.

“Kawu, a gaya wa masu gida, ruwa ya zo.”

Dogo ya maimaita da ƙarfi, mata suka fito. Da ɗan ya hauro, laka har gwiwa, ya wanke hannu a guga, ya ce ba tare da ya dubi ubansa ba, “Akwai wata a bayan makarantar can, jibi za mu fara. Ƙasar wurin yashi ce, Baba. Ka zo da wuri.”

Gajere ya ce to. Ya goge madubin da gefen rigarsa, ya naɗe shi a zanen.

A gida ya tarar da ita tana kwashe shanya. Ya rataye madubin a ƙusarsa, ya zauna ya cire malfar.

“An sami ruwa,” in ji shi. “Hasken ya dawo mini har fuska, tun yaron bai yi magana ba.”

“Kullum haka yake yi.”

“Kullum? Ba ki taɓa faɗa ba.”

Ta ninke rigar da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran.

“Kai kake son faɗa,” in ji ta.