Farar Wuƙar Sifis

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, muna tsakiyar kaɗe zaitun, ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya bayan ɗaya, bugun da kowa ya san ma'anarsa. Ban tambayi kowa ba, na ajiye sandata na zauna a ƙasa. Sifis Fragiyadakis, maƙerin ƙauyenmu, aminina wanda ya tsaya mini ranar aurena har muke kiran juna kumbaro, ya amsa kiran Ubangijinsa. Mai rai mamaci ne, mun sani, amma wallahi na girgiza.

Kumbaro, ni makiyayi ne, ba marubuci ba. Sai dai abin da idona ya gani a maƙerarka ya fi ƙarfin in bar shi a cikina.

Duk tsaunukan nan na tsibirinmu Kirit, babu makiyayin da ya isa a kira shi makiyayi in ba wuƙarka a ɗamararsa. Da tsohon sifirin mota kake ƙera su, baƙin ƙarfe, ka sa musu ƙotar ƙahon rago. Na sha tsayawa ina kallonka baki buɗe. Ba ka da ma'aunin zafi sai ido. Kana duban jan ƙarfen cikin gawayi, ka yi tsit kamar mai sauraron magana, sai ka fizgo shi ka tsoma a mai. Na taɓa ganin ka saki gashin tunkiya a iska, ka tare shi da kaifi, ya sauko gida biyu. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Abu ɗaya ka ƙi jini a duniya: farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Shekarar da na sayo wuƙa irinsa a birnin Haniya don yankan cuku, ka juya wuƙar a hannunka ka ce, "Kai tsohon bunsuru, madubi ka sayo ko wuƙa? Kai wa matarka ta duba fuska." Na ce ai ba ta tsatsa. Ka ce, "Ba ta tsatsa, ba ta yanka, ba ruwanta da kowa. Ƙarfen malalata ke nan. Baƙin ƙarfe yana kaifi ya riƙe, amma yana son mai shi ya dawo gida kowace yamma ya goge shi." Ƙauyen duka ya yi ta yi mini dariya, har sai da na ɓoye ta.

Kai kuwa kana aikata abin da kake faɗa. Matarka Argiro tana da baƙar wuƙar da ka ƙera mata ranar baiko. Da ita take yanka lemon tsami, da ita take tsaga zaitun ta zuba a ruwan gishiri, ta gama ta jefa ta a kwano a jiƙe. Kai kuma ka shigo da yamma kana mita: "Matar nan za ta kashe ni, ta kashe wuƙa!" Ita ta ce, "To ga tsumma nan, malam maƙeri, ai shi ya sa na aure ka." Sai ka zauna bakin ƙofa da tsumma da ɗigon man zaitun. Tun muna samari nake ganin wannan, har gashinmu ya yi fari.

Bara likita ya gaya maka abin da ke cikin huhunka. Argiro kuma ciwon gaɓɓai ya riga ya lanƙwashe mata yatsu, ko maɓalli da ƙyar take sawa. Wata safiya ka kira ni gefe, ka ce, "Lefteris, in ka sauka Haniya, ka sayo mini sandar farin ƙarfe." Na ɗauka zolaya ce, na fara dariya. Da na dubi idonka sai dariyar ta maƙale. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ka ce, "Ita ba za ta iya gogewa ba. Ni kuwa akwai yammar da ba zan dawo ba."

Ni na riƙe maka zuga-zugi, don numfashinka ba ya kai. A nan na san ashe farin ƙarfen da muke rainawa taurin kai ne da shi. Zafin da yake so ya wuce wanda idonka ya saba, ga shi ba ya laushi ƙarƙashin masaba. Wuƙar farko ta tsage. Wata ta fito da kyau, amma ta ƙi ɗaukar kaifi, ka jefar da ita kana tari. Na ce mu saya mata ta kanti mana, wa zai sani? Ka harare ni. "Matar Sifis da wuƙar kanti? Hura wuta, kumbaro, ka bar surutu."

Kullum ƙarfinka na raguwa, ni kuma ina tsoron ka faɗi kafin ƙarfen ya miƙa wuya. Tsoho mai ƙafa ɗaya a kabari ya koma ɗan koyo a sana'ar da ya fi kowa iyawa, bai ji kunya ba. Ranar da ta kirki ta fito, ka zauna kan dutsen washi tun hantsi har la'asar. Ka yi mata ƙota mai kauri yadda yatsun Argiro za su iya kamawa. Sannan ka saki gashin tunkiya a iska. Ya sauko gida biyu. Na cire hulata, ban san na cire ba.

Argiro ta karɓa ta yi maka tsiya, ta ce tsufa ya sa ka zama malalaci. Ta ajiye ta a aljihun tebur, ta ci gaba da aiki da tsohuwar, kai ma ka ci gaba da gogewa har hannunka ya daina ɗaguwa.

Bayan mun binne ka da 'yan kwanaki na je gaishe ta. Matar da ba ta zubar da hawaye a maƙabarta ba, na same ta tsaye a kicin da baƙar wuƙar a hannu, jan tsatsa ya ɓata bakin wuƙar. Ta nuna mini.

"Lefteris, ashe da gaske tana tsatsa? Ni fa duk zaman nan na ɗauka mitarsa ce kawai."

Ita da kanta ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko farar, yatsunta suka zauna daidai a ƙotar. A nan ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Allah ya jiƙanka, kumbaro, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya ba ka hutawa cikin salihan bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Argiro, da 'yarku Pelagiya da jikoki, da dukan makiyayan da ke ɗauke da aikin hannunka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Baƙar wuƙar tana wurina yanzu, ina goge ta kowace yamma.