Iskar Ɗakin Fayil

Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

A Badarawa muka zauna da Malam, Allah ya jiƙansa. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a cikin gari, shi ke kula da ɗakin fayil. Ɗakin a ƙasan bene yake, can ƙarshen wani dogon lungu. Da yana da tagogi, sai ɓarayi suka taɓa shiga ta nan, aka toshe su da bulo, aka huda bango aka sa na'urar sanyaya ɗaki. A shekarun da ɗauke wuta ya yi yawa a Kaduna, aka sayo babban janareto, aka gina masa rumfa a bayan wannan bangon.

Su uku ne a ɗakin. Da Malam, da wani dattijon masinja mutumin Rigasa da kowa ke ce wa Baba, da wata Kirista mai buga tafireta, 'yar kudancin Kaduna, da muke ce wa Madam.

Ciwon kai Malam ya fara dawowa da shi. Ya shigo gida yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu, ya zauna a tabarma, ya ce in bar shi tukuna. Mutumin da yake karanta jarida tun daga farko har ƙarshe, sai ga shi yana tambayata ko ya yi la'asar. Asabar da Lahadi kuwa garau yake, har ya ɗauki yara a keke. Litinin da yamma abin ya dawo.

Na ce, "Malam, mene ne a ofishin nan?"

Ya ce, "Iskar ɗakin ce ba kyau."

Gabana ya faɗi. A gidanmu in an ce iska ta taɓa mutum, mun san abin da ake nufi. Ya ga fuskata, ya yi dariya, ya ce, "Ba taki ba. Wadda ake shaƙa."  Amma washegari na je na karɓo masa rubutu, ya sha don kada raina ya ɓaci.

Ba ni kaɗai na ji maganar haka ba. Baba masinja ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin kantocin fayil, da ya farfaɗo ya ce ya ji ana kiransa daga cikin bango. Madam ta ce wani lokaci tana bugu sai ta ga haruffan suna tafiya. Magana ta bazu a ma'aikata cewa akwai iska a ɗakin fayil, masu kawo takarda suka koma miƙowa daga bakin ƙofa.

Malam ya yi ta kai kuka sama, har aka turo wani injiniya. Ya zo da ɗan kati, bai kai tafin hannu ba, da ɗigo a tsakiya mai launin ruwan goro. Ya manna shi a bango daidai saman teburin Malam. Ya ce wannan yana gane muguwar iska, in tana nan ɗigon zai yi baƙi, shi kuma zai riƙa zuwa duk Litinin da safe yana dubawa. Baba ya ce, "To, ga shi har boko ta yarda." Suka sa wa katin suna Ido.

Sau ɗaya na shiga ɗakin nan. Malam ya manta abincinsa, na hau bas na kai masa da azahar. An ɗauke wuta tun safe. Ina shiga lungun na ji ƙugin janareto a tafin ƙafata kafin in ji shi a kunne. Na yi sallama a bakin ƙofa, shiru. Na sake, shiru. Na tura.

Sanyi ya buge ni kamar na leƙa rijiya. Babu wari, babu hayaƙi, ɗaki tsaf, fitila fara fat. Baba na zaune a benci, kansa a jingine da bango, baki buɗe. Madam ta ɗora yatsu a kan tafireta, ba ta bugawa, idonta biyu amma ba ni take kallo ba. Malam yana riƙe da fayil a buɗe, kansa na sunkuyawa a hankali. Rana tsaka, mutum uku, ba mai motsi. Na ɗaga kai na ga Idon a bango. Baƙi ƙirin.

Na saki langar abincin, ta yi ƙara, duk suka zabura.

Madam ta ce, "Kai, Maman yara! Kin zo kama mu muna satar barcin gwamnati?"

Na ce, "Madam, ku dubi abin can."

Ta ce, "Ai kullum haka yake yi da rana. Mu da shi mun saba. Ni na kawo addu'ata, Baba ya kawo tasa, mijinki ya kawo katinsa. Duk wanda ya ci, a raba lada."

Baba ya ce, "Rufe ƙofar, 'yata, sanyi na fita. Manya sun hana a bar ta buɗe."

Ban daɗe ba na fito. Kafin in kai bakin titi kaina ya fara sarawa.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, duk Litinin da safe in injiniya ya zo, ɗigon ya koma ruwan goro, tas, kamar sabo. Malam ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wallahi ranar Alhamis baƙi ne." Injiniya ya yi murmushi ya ce, "Malam, iskarku tana tsoron Litinin ke nan? Ni abin da na gani shi zan faɗa a sama." Ba mugun mutum ba ne. Malam ya roƙe shi ya zo wata rana da yamma, ya ce motar ofis ranar Litinin kawai ake ba shi, amma zai duba.

Baba ya ce shi dai ya gama ganewa. Abin da ke ɓuya in baƙo ya zo, ya fito in baƙo ya tafi, ai ba sai an faɗi sunansa ba.

Wata Alhamis Malam ya ɓamɓaro katin ya zo da shi gida, ya ce gobe da sassafe zai kai wa injiniya har ofishinsa ya gani da idonsa. Ya nuna mini, baƙi kamar gindin tukunya. Ya ajiye shi a bakin taga. Da safe ina shara ya kira ni. Muka tsaya mu biyu muna kallonsa. Ruwan goro. Ba wanda ya taɓa shi.

Malam ya ɗauka. Ya daɗe yana juya katin a hannu, sannan ya sa a aljihu, ya ce, "In akwai sauran rubutun nan, ba ni." Ranar ce na ji tsoro na gaske, don duk zamanmu ban taɓa ganin ya rasa bayani ba.

Babu wanda ya gaya musu cewa katin yana washewa da kansa in ya sha iska mai kyau. Asabar da Lahadi janareto a kashe yake. Wannan sai daga baya muka sani.

Na ce wa Malam ya nemi a canza masa ɗaki. Ya ce ya nema, an ce ya jira. Na ce to ya riƙa barin ƙofa a buɗe. Ya ce yana yi in manya ba sa nan.

Ranar da abin ya faru Madam tana gida ba lafiya, Baba kuma an aike shi unguwar Kawo. Wuta ba ta zo ba tun asuba. Malam shi kaɗai. Da Baba ya dawo bayan la'asar ya same shi ya kifa kai a kan tebur, ya ɗauka barci ne, har ya yi masa tsiya, ya ce, "Malam, a tashi, gwamnati ta tashi." Baba ne ya zo Badarawa. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamarsa, na ga ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa, hular Malam a hannunsa.

Jira ni.

Ƙanin Malam ne ya yi magana da likita. Likita ya ce hayaƙin janareto ne na'urar sanyi take zuƙowa tana hurawa cikin ɗaki, wani irin hayaƙi da ba a gani, ba a jin warinsa, yana shiga jini ya kwantar da mutum. Ƙanin ya maimaita mini har sau biyu. Na ce na ji.

Waɗanda suka yi masa wanka sun fito suna kabbara. Suka ce ba su taɓa ganin gawa mai kyau irin tasa ba, leɓensa da farcensa ja-ja kamar na mai rai, kamar a kira shi ya amsa. Liman ya ce alama ce ta kyakkyawan ƙarshe, mata suka yi ta zuwa suna ce mini in gode wa Allah. Sai da aka yi sadakar arba'in ƙaninsa ya gaya mini, a hankali, cewa likita ya ce shi ma wannan jan aikin hayaƙin ne.

Na ce masa ya bar mini wannan ɗaya. Sauran duk na yarda, hayaƙi ne, kati ne, Litinin ce. Amma fuskar da aka rufe shi da ita, na ce kada ya sake gaya wa kowa, ko 'ya'yan Malam. Ya riƙe alkawari har ya bi yayansa. Jikata ma yau ta fara ji, ga ta nan ta ajiye biro.