Yadda Na Tozarta Mahaifina A Fim

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye.

Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da tara, ina zaune a Haɗeja ina ɗaukar bidiyon biki da suna, amma raina yana kan fim. Ba na rawa da waƙa ba, irin mai sanyin nan da ake barin kyamara a kan ruwa, mutane su yi ta shiru har ƙirjin mai kallo ya yi nauyi. Ni ɗan masunci ne daga wani ƙauye a yankin Guri, kuma tun ina ƙarami babu doguwar magana tsakanina da Baba. Duk yaran garinmu suna iyo, ni kuwa in ya gan ni a bakin kogi sai ya zane ni da igiyar taru har sai Inna ta shiga tsakani. Na tashi da yaƙinin ba ya ƙaunata. Na kuma tashi ina jin cewa yayata ta rasu a ruwa tana shekara tara, a jirgin da Baba yake tuƙawa. A gari ana raɗe-raɗin haɗama ce ta sa ya cika jirgin da buhunan shinkafa. Bai taɓa musawa ba.

Wannan labarin na ɗauka na rubuta: uba mai taurin zuciya da ya fifita buhu a kan 'yarsa, da ɗan da ya yi haƙuri har ya ga haske. Da muka tashi ɗauka sai na je gida na ce wa Baba ina neman jirgi da wanda ya san ruwa. Ban gaya masa labarin ba. Ranar na fara ganin ya yi mini murmushi. Kwana shida yana ratsa ciyawar kachala da mu a jirgi, yana rufe kyamarar da rigarsa kada ruwa ya taɓa ta. Shi ya koya wa mai fitowa a matsayin uban yadda ake riƙe sandar tuƙi, ya cire malfarsa ya ɗora masa. A majalisa yana faɗa wa abokansa ɗansa yana aikin da za a gani har Kano. Wuraren magana duk a Haɗeja na ɗauke su don kada ya ji. Dattijon da ya fito a matsayin uban ya taɓa ja na gefe ya tambaye ni ko mahaifina ya san abin da muke yi, na ce masa ya yi aikin da ya kawo shi.

Fim ya fita, aka yabe ni, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya har ya isa ƙauyenmu. Kowa ya gane jirgin, ya gane malfar, ya gane mashigin. Aka fara kiran Baba mai buhu in ya ba da baya. Wata rana da la'asar wani ya miƙa masa waya a majalisa don a ga yadda zai yi. An ce ya kalla har ƙarshe, ya mayar da wayar, ya ce ruwan ya fito da kyau, ya tashi ya shiga gida. Bai ƙara fita su ba. Da labarin ya zo mini sai na ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Na je da sallah, ya amsa gaisuwata, ya tambayi aiki, bai ƙara komai ba. Bayan wata huɗu Allah ya karɓi ransa.

Da aka yi sadakar uku Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce babu buhu ko ɗaya a jirgin nan. Mu uku ne a ciki, Baba da yayata da ni, ina shekara uku. Na miƙa hannu zan tsinko furen bado na faɗa ruwa, Baba ya bi ni, tsallen da ya yi ya kifar da jirgin. Yana riƙe da ni yana jin yarinyar tana kiransa ta ɗaya gefen, kafin ya ɗora ni a bayan jirgin ruwa ya tafi da ita. Baba ne ya sa Inna ta rantse ba za ta faɗa ba, kada in tashi ana nuna ni ana cewa ga wanda ya jawo mutuwar yayarsa. Ta ce bayan ya ga fim ɗin ta roƙe shi ya bari ta gaya mini, ya ce a'a, gara in tsane shi da in tsani kaina. Sannan ta ce ba don in samu sauƙi ta faɗa mini ba, don in ɗauki nauyin ne kamar yadda ya ɗauka. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na goge fim ɗin daga duk inda hannuna ya kai, amma yana nan a wayoyin mutane, har yau akan tare ni a kasuwa a ce ya sa su kuka. Shekara biyu Inna ba ta amsa gaisuwata. Sai daminar bana ta aiko mini da busasshen kifi ta hannun wani direba, babu saƙo. Na kasa ci, na kuma kasa bayarwa.

Abin da na koya shi ne, ɗa yakan san dukan da aka yi masa, bai san dalilinsa ba. Ku masu rubutu da masu kyamara, kafin ku kai ciwon gidanku kasuwa ku zauna ku tambayi masu shi tun suna da rai. Ni sau shida na zauna da Baba a jirgi ɗaya daga safe har yamma, ban tambaye shi ba. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, don Allah.