Falukar da Ustaz Midhat Ya Gyara

Ustaz Midhat Abdurrabbu shekara talatin da huɗu ya yi yana jera fayil a wani ofishin ban-ruwa a Aswan ta Masar, inda ake ce wa duk ɗan boko Ustaz. Da yake teburinsa na bakin ƙofar injiniyoyi yana jin hirarsu, sai ya ɗauka ilimin ya kama shi kamar yadda ƙarnin kifi kan kama rigar mai wucewa. Ranar da ya yi ritaya ya sa aka buga masa kati, aka rubuta injiniya gaban sunansa. Mutumin da ko famfon gidansa bai taɓa ɗaurewa ya daina ɗiga ba.

A shekarar ne surukinsa ya rasu, ya bar wa 'yarsa Nawal, matar Midhat, faluka guda, jirgin ruwa mai tafiya da iska. Tsohuwa ce, amma lafiyarta ƙalau. Shekara arba'in tana ƙetare Nilu da mutane da buhunan dabino, ba ta taɓa jiƙa wa kowa ƙafa ba. Abin da take bukata bai wuce a toshe tsagu biyu da auduga da kwalta, a sake ɗinke zanen iskarta ba.

Rayyis Hamdun, tsohon matuƙi, aminin marigayin, ya same shi a bakin kogi ya ce, "Ustaz, bar mini ita kwana goma, in maido maka da ita kamar amarya."

Midhat ya yi murmushin tausayi. "Rayyis, zamaninku ya wuce. Ku da ido kuke awo, ni da lissafi."

"Lissafin ya iya ruwa?"

A ganin Midhat jahili ba a ja masa magana. Ya sa aka jawo faluka kan tudu, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya kama aiki.

Abu na farko da ya cire shi ne faifan ƙarfen da ake saukarwa ƙarƙashinta don kada iska ta kayar da ita. Wai nauyin banza ne. Sannan ya ƙara wa sandar zanen kamu huɗu da bututun famfo, don ta fi ta kowa tsawo. Tsagun nan biyu ya cushe su da siminti. A tsakiyarta ya gina ɗaki na falanki, ya liƙa masa tagar tsohuwar bas, ya sa kujera mai juyawa irin wadda bai taɓa samu a ofis ba. Daga ƙarshe ya goge sunan da ke goshinta, sunan mahaifiyar Nawal, ya rubuta nasa.

Ranar Nawal ta tsaya kansa da kwanon abinci a hannu, ta kira shi da sunan ɗansu ta ce, "Abu Tamir, har sunan ma ya tsone maka ido?"

"Ke ba ki san tsari ba," in ji shi. "Ajiye kwanon a inuwa."

Shekara shida ana abu ɗaya. Abin da ya buga wa ƙusa yau gobe ya ɓalle, katakon da ya yanka ya gaza sai ya ce mai zarto ya cuce shi. Da la'asar ya zauna wurin mai shayi yana koya wa matuƙa yadda iska ke aiki, mutanen da aka haifa cikin jirgi. Su kuwa su sha shayinsu, su bar shi, don gardama da shi ɓata yawu ne.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tara jama'a a sha kallo. Ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa, Nawal ta dafa tantabaru cushe da shinkafa, ta jiƙa zoɓo. Ƙarti takwas suka tura faluka cikin ruwa. Babu matuƙin da ya yarda ya taka ta. Wani Ustaz Girgis ne kawai, Kirista mai buga tafireta a ofishinsu a da, kunya ta sa ya shiga yana yin alamar gicciye a ƙirji.

Midhat ya hau kujerarsa, ya saki zane. Ba su yi taku ashirin daga gaɓa ba iska ta ɗan hura, irin wadda ko shanyar mata ba ta kayarwa. Faluka ta karkata a hankali, ta kwanta a gefenta kamar saniyar da ta ƙoshi. Allah ya taimaka ruwan iya ƙirji ne. Girgis ya fito yana tari, takalmi ɗaya ya tafi. Midhat ya biyo shi, laka har gira, bai ko tambayi lafiyar baƙonsa ba.

"Iskar ce ta zo ta inda bai kamata ba," ya ce wa taro.

Rayyis Hamdun ya ce, "Tun zamanin Fir'auna daga arewa take zuwa, Ustaz. Sai dai ko ba ka aika mata da takarda ba."

Dariyar da aka yi har tsallaken kogi an ji ta. Shi ko a jikinsa. Da suka koma gida ya ce ai laifin katakon ne, tun asali surukin nasa bai iya zaɓen itace ba. Nawal ta ajiye ludayi ta ce, "Ka kashe jirginsa, ka bar shi ya kwanta lafiya. Ka fitar da bakinka daga kan ubana." Daga ranar ba ta sake taka bakin kogi ba.

Ya sake jawo faluka tudu, ya ƙara shekara huɗu yana gyaran gyara, siminti na riƙe laima yana ruɓar da ita ta ciki. A asibiti ya cika, bayan ya gama nuna wa likita yadda ake auna jini.

Da aka yi arba'in, Nawal ta roƙi Rayyis Hamdun ya duba ko akwai abin tsira. Ya bi ta katako bayan katako yana ƙwanƙwasawa, ya tarar abu ɗaya ne ya rage da rai, katakon juya akala na baya, don Midhat ya bar shi sai ƙarshe, ajali ya riga shi. Ta ce ya ɗauka. Sauran aka kai wa mai gidan burodi ya hura tanda, shi ma ya maido rabi, ya ce fentin na sa burodi ɗaci.