Ranar da Na Bar Raga Na Bi Shanu

Wata Asabar ce da kaka, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Gero ya shiga rumbu, amma wake yana gona bai isa roro ba. A ranar ne makarantarmu da ke wajen Karofi za ta kara da wata makaranta daga Kurfi, wanda ya yi nasara shi zai je wasan ƙarshe a Dutsin-Ma. Ni ne mai tsaron raga, babu na biyu. Ni ne kuma mai kiwon shanun gidanmu duk Asabar, nan ma babu na biyu.

Baffa, mahaifina, bai san ƙwallo ba, bai kuma nemi ya sani ba. Abin da ya sani shi ne tun zamanin kakana muke zaune da manoman nan, saniyarmu ba ta taɓa sa baki a amfanin kowa ba, shi ya sa bayan girbi suke barin shanunmu su ci kara a gonakinsu. Ɓarna ɗaya ta isa ta rufe mana wannan ƙofa. Kullum zan fita sai ya ce, "Idonka a kan jar saniya, inda ta nufa nan sauran za su."

Sai na yi dabara irin ta ɗan shekara goma sha uku. Filinmu yana bakin rafi, ruwa kuma ya janye. Na shayar da shanun, suka kwanta kan rairayi suna tuƙa, na roƙi kyaftin ɗinmu ya zaɓi ragar da zan riƙa hango su. Ina kama ƙwallo ina ƙirga ƙaho, har ina yaba wa kaina wayo. Na manta ana canja gida bayan hutun rabin lokaci.

Da aka dawo, shanu suka koma bayana. Can wani ɗan Kurfi ya buga ta wuce saman raga, na juya zan ɗauko, sai na ga rafi wayam. Jar saniya ta hau gaɓa, sauran na biye, sun doshi gonar waken Alhaji Mamman. Na suri sandata. Na bar raga a buɗe na zura da gudu.

Malam Lawal, malamin wasanninmu, ya hura usur ya ce kowa ya bi ni. 'Yan Kurfi, Allah ya saka musu da alheri, yaran cikin gari ne, ba su san shanu ba. Suka bi su ta baya suna ihu, shanu suka ƙara sauri. Na yi ta roƙonsu su tsaya. Namu suka zagaya suka jeru a bakin gona, hannuwa a buɗe, ni kuma na kira jar saniya da kiran da ta saba. Ta tsaya, ta waiwayo, saura taku kaɗan.

Ashe Alhaji Mamman yana cikin gonar yana kallonmu. Ya fito ya bi iyaka a hankali yana duba sawu. Bai ga kofato ko ɗaya a ciki ba. Ya dube ni, ya dubi rigar ƙwallon da ke jikina, ya karɓi sandata.

"Koma ka ida wasanka, ɗan Fulani," in ji shi. "Ni na tsare maka su."

An ci mu biyu da ɗaya, abokaina suna ta ƙunci, ni kuwa ban taɓa jin sanyi a raina kamar ranar ba. Alhaji bai taɓa faɗa wa Baffa ba har suka bar duniya.

Yanzu an zagaye filin da katanga, 'ya'yana suna buga ƙwallo da takalmi, ba kiwon da ke jiransu. Manomi da makiyayi kuwa sai gaisuwa daga nesa, kowa na ɗari-ɗari da kowa. Na gode Allah da na taso lokacin da mai gona zai tsare wa yaro shanu ya gama wasa.