Battar Barkono

Bindigar da nake ratayawa ta mahaifina ce, irin ta mafarauta da ake ɗura wa albarushi ta baki. Na soma ɗaukarta shekarar da satar dabbobi ta addabi ƙauyukanmu na bayan Sandamu. Raguna nake kiwo a gonata, nesa da gari, gidan kuma daga ni sai matata, don Allah bai ba mu haihuwa ba.

Ita ba ta taɓa son bindigar nan ba. Wata rana ta daka busasshen barkono da toka, ta cika wata tsohuwar battar fata, ta zura min a aljihu.

Ta ce, "Malam, in ta kama, ka fara da wannan. Ido yakan warke, harsashi kuwa ba a kiransa ya dawo. Sai dai ka duba inda iska take kaɗawa."

Na yi dariya, na ce ɓarawon zan kora ko miya zan yi masa? Amma ban cire battar ba, don kullum sai ta shafa aljihun kafin in fita. Bayan ta rasu, ni na koma shafawa da kaina.

Damina biyu da rasuwarta, wata ranar kasuwar Mai'aduwa da gari ya watse, na dawo gona da la'asar na tarar da mutum a garke. Ya rufe fuska da rawani, ya ba ni baya, yana kwance igiyar babban ragona. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya shaide ni. Na sauke bindiga na ɗana, wallahi har yatsana ya hau kunamar bindigar. Sai gwiwar hannuna ta bugi battar a aljihu.

Na jingine bindigar a jikin dirka, na lallaɓa ta bayansa, na daka tsawa. Yana juyowa na watsa masa barkonon. Ashe na manta da iska. Rabi ya same shi, rabi ya dawo min fuska, muka zube ƙasa tare muna tari kamar awaki sun shaƙi hayaƙi.

Cikin tarin na ji an ce, "Wayyo Allah, Yaya!"

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na sani yana dako a Kongolam, can bakin iyaka.

Da lalube muka kai ga bahon da raguna suke shan ruwa, muka durƙusa kafaɗa da kafaɗa muna wanke ido. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Mun yi kuka sosai, barkono ya rufa mana asiri. Da idonsa ya buɗe, sai ya sauka kan bindigar a ɗane. Ya daɗe yana kallonta.

"Yaya, da ita za ka yi?"

Na ce, "Ita na fara ɗauka."

Na ce ya tafi da ragon. Bai ko waiwayi ragon ba, ya kama hanya da rawaninsa a hannu.

Tun ranar bai sake tako gidana ba, ko da Sallah. Kunya ce ko tsorona, ban sani ba. Direbobin da suke zuwa Kongolam sukan ce sun gan shi, lafiyarsa lau, har an yi masa haihuwar 'ya mace. Ina jin daɗin labarin, sannan in koma gida in ci tuwo ni kaɗai. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye ba.

Barkono yakan huce in ya daɗe a batta, saboda haka nakan daka sabo a turminta. Har yau ban iya gwada tokar yadda take yi ba. Ina dakawa ina atishawa, ina so in gaya mata yaron nan yana raye kuma ita ce sila. Ban taɓa ba kowa labarin ba, don ba zan tona wa ƙanena asiri ba, ita kuma da zan iya gaya wa ba ta nan.